Sandar Gora Mai Jan Baki

Akwai wata safiya ta damina da ba za ta fita daga raina ba har ranar da zan bar duniya. Ita ce safiyar da na fara ɗora bindiga ta gaske a kafaɗata, na ja kunama, ta ƙi tashi. Amma bari in soma daga farko, domin ba na son labarin da aka faro daga tsakiya.

A farkon shekarun dubu biyu ne, ina da shekara goma sha bakwai, muna zaune a gefen garin Zuru. Mahaifina soja ne, aiki ya kai shi Kudu, aka bar ni da Mama da ƙannena. Gonarmu tana gindin dutse, birai kuwa sun mai da ita tasu. Da masara ta fara goyo sai su sauko garke guda, su karya wadda za su ci, su karya wadda ba za su ci ba. Abu ɗaya kawai suke tsoro, ƙarar bindigar kawuna.

Kawu yayan Mama ne, tsohon soja da ya yi ritaya da igiya uku, kowa Saja yake ce masa. Yana da bindigar toka mai lasisi, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. A shekarar ciwon gwiwa ya matsa masa, hawan dutse ya gagare shi. Da aka gama shuka sai na je na durƙusa, na roƙe shi ya koya mini harbi in riƙa tsaron gonar. Sai ya tashi ya shiga ɗaki. Na ɗauka bindigar zai ɗauko. Sai ga shi da sandar gora mai tsawon bindiga, an shafa wa kanta ɗaya jan fenti.

Ya ce, "Wannan jan shi ne baki, kuma a ɗure take. Kwana ashirin da ɗaya za ka yi da ita. Gona, kasuwa, coci, duk inda ka tahi. Ranar da bakin nan ya kalli mutum, mu koma ɗaya."

Na ce, "Kawu, ai gora ce."

Ya ce, "Duk wanda na ga an harba bisa kuskure, wanda ya harbe shi rantsuwa yake yi ba komai a ciki."

Sau uku muna komawa ɗaya. Na farko a kwana na huɗu, na sunkuya gaishe da wata tsohuwa, sandar ta ɗago ta nuna cikinta, ashe Kawu yana zaune a gindin mangwaro yana kallo. Na biyu shi ya fi yi mini ciwo. Na kai kwana goma sha uku, ina tsakar gida Mama ta kira ni daga madafa, na juya gaba ɗayana da sandar a hannu. Kawu bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Ka kashe uwarka. Gobe ɗaya." Na uku kuwa a kan gado na ajiye ta, bakin yana kallon ƙofa.

Abokaina suka sa mini suna Sojan Gora. Mama ma ba ta bar yayanta ba. Takan ce, "Yaya, birai suna can suna wasa haƙora, kai kana nan kana koya wa yaro kiwon sanda." Shi kuwa sai ya ce, "Ki bar ni da aikina, ni ma ban taɓa koya miki tuƙin tuwo ba."

Kowace yamma yakan tsayar da ni a bayan gida da gorar a kafaɗa. Ya fara da tsayuwa, sai riƙo, sai numfashi, sai yatsa, wanda ba ya kusantar kunama sai an gama auna abin harbi. Bayan haka sai sanin abin da ke bayan abin da za ka harba. Ba ya tsallake ko ɗaya, ba ya kuma sauya musu wuri. Darasin ƙarshe shi ne wanda na raina. Ya ce idan ka ja kunama bindiga ta ƙi tashi, kada ka motsa, kada ka leƙa, kada ka juya. Ka bar bakin inda yake, ka ƙirga sittin da ƙarfi, domin wuta takan yi jinkiri a cikin albarushin da ya sha sanyi. Ya ƙara da cewa wanda ya juya bakin bindigarsa ta gaske ga mutum, ko sau ɗaya, shi da ita har abada. A raina na ce tsohon nan dai yana son wahalar da mutane.

Sai da na yi kusan mako bakwai kafin in haɗa kwana ashirin da ɗaya a jere. Washegari da safe muka tafi wani kwari kusa da gonar, inda ruwa ya zaftare ƙasa ya bar gaɓa mai tsayi. Kawu ya sa na hau sama na duba ko akwai mai itace ko makiyayi a baya. Babu kowa. Ya kafa tsohon faifai a jikin gaɓar, ya zana masa da'ira da gawayi, ya auna taku talatin ya ja layi da ƙafa. Shi da kansa ya ɗura bindigar. Mama ta biyo mu da kwanon kunu, wai ta zo ganin abin da gora ta haifa. Ta tsaya kusa da Kawu, a bayana ta hagu.

Na jingine gorar, na karɓi bindigar. Ta fi yadda nake zato nauyi. Na bi abin da aka koya mini ɗaya bayan ɗaya, na riƙe numfashi, na ja kunama. Sai na ji ƙas, daga nan shiru.

Mama ta ce, "Ta ƙi ko? Juyo ka miƙa wa kawunka ya duba."

Gaskiya zan faɗa, jikina ya fara juyawa. Na ji diddigena na dama ya ɗaga daga ƙasa. Muryar uwa ce, tun ina rarrafe nake amsa ta. Abin da ya tsayar da ni ba hankali ba ne, ba ni da shi a lokacin. Kwana goma sha ukun nan da na yi asara a tsakar gida ne suka dawo mini. Na mai da diddigen, na danne kuncina a jikin katakon bindigar, na fara ƙirga da ƙarfi. Ɗaya, biyu, uku. Ina jin Mama tana 'yar dariya. Ina cewa tara bindigar ta tashi.

Ta bugi kafaɗata, hayaƙi ya rufe ni, kunnena ya toshe. Ko gefen faifan ban taɓa ba, ƙasa ce ta zubo daga can samansa. Na ajiye bindigar bakinta yana kallon gaɓa, sannan na juya. Mama tana zaune a ƙasa, kunu ya malale a kan zaninta. Tana duban inda ta tsaya, tana duban bakin bindigar.

Na zaci Kawu zai yabe ni. Bai ko kalle ni ba. Ya ɗauko kwalbar albarushi, ya zuba kaɗan a tafin hannunsa, ya murza da yatsa, sai ya dunƙule. Ya ce, "Rufin ɗakina yana yoyo tun shekaranjiya. Na sani, amma ban duba wannan ba kafin in ɗura. Laifina ne. Miƙo mini sandar."

Na miƙa masa, ban gane nufinsa ba. Ya riƙe ta jan bakin a ƙasa, ya ce, "Kwana ashirin da ɗaya. Bindiga za ta shiga akwati. Kai ne mai dubawa, in ka kama ni mu koma ɗaya."

Sai a lokacin Mama ta sami baki. Ta ce, "Yaya, da furfurarka? Masarar fa?"

Ya ce, "Masara baɗi ma za a shuka. Ƙanwa kuwa ke kaɗai kika rage mini."

Haka aka yi. Ni da ƙannena muka koma korar birai da gwangwani da majajjawa, kuma duk da haka sun ci gefen gonar na sama. Kawu kuwa ya shiga gari da gorarsa. Ya je coci da ita, dattijo guda, ya zauna a layin gaba ya soke jan bakin tsakanin ƙafafunsa. Ya je kasuwa da ita. Da aka yi rasuwa a Dirin Daji, da ita ya shiga mota. Tsofaffin sojoji abokansa suka samu abin yi, suna ce masa, "Saja, mi ya faru? An cire maka igiya ne?" Yakan ce, "Ni na cire wa kaina." Ni kuma na bi shi da ido kamar shaho, domin ba zan ɓoye ba, na so in kama shi ko sau ɗaya in rama. Ban samu ba. Ko atishawa zai yi, sai ya gyara bakin sandar tukuna.

Da kwanakinsa suka cika, ya shanya albarushi a rana, ya gwada shi a gabana, muka koma kwarin. Harbi uku ya ba ni. Na farko ya kauce, biyu suka shiga faifan. Ya karɓi bindigar ya goge, ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce, "Gobe ka hau dutse."

Yau ina da shagon walda, da yara masu koyon aiki a hannuna, kuma an san ni da tsanani. Amma duk dokar da zan kafa musu, sai na tambayi kaina ko zan iya ɗaukar hukuncinta a gabansu ranar da na karya ta. Idan ba zan iya ba, ba na kafa ta. Abin da na koya ke nan a wurin Kawu, ya fi harbin amfani: yaro ba ya riƙe doka don an daka masa tsawa, yana riƙe ta ne ranar da ya ga ta hau kan wanda ya kafa ta. Kawu ya rasu, bindigar ta daɗe da barin gidanmu. Gorar kuwa tana jingine a kusurwar ɗakina, kuma har yau jan bakin ƙasa yake kallo.