Sankarar Jinin Malam Hambali

Shekara goma sha tara Malam Hambali Dattijo ya yi yana buɗe wa manoman rani ƙofar ruwa a wani ƙauye kusa da Bunkure. Shi ya san gonar da za ta sha ran Litinin da wadda za ta jira Laraba, kuma ba a taɓa jin ya fifita tumatirinsa a kan na wani ba.

Yana da hamsin da biyar jikinsa ya fara ƙi. Ƙarfen ƙofar ruwan da yake murɗawa da hannu ɗaya sai ya haɗa da na biyu. Loma uku, ya ce ya ƙoshi. Zazzaɓi ya tafi ya dawo. Aka sha maganin maleriya, aka sha na taifot, shiru. Matarsa Kubra ce ta lura da wani tauri a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na hagu.

"Malam, wannan ya wuce zazzaɓi," in ji ta. "Gobe sai Kano."

A asibiti aka ce saifarsa ta kumbura, jininsa kuma ya yi ƙasa ƙwarai. Aka soka allura a ƙashin ƙugunsa don a zuƙo ɓargo, ta fito ba komai, sai da aka gutsuro ɗan ƙashin. Bayan mako biyu likita Aziza Usaini ta zaunar da su.

"Baba, sankarar jini ce, irin wadda ba kasafai ake gani ba. Ƙwayoyin da suka lalace, in an duba a madubin likita, gashi-gashi ne a jikinsu. A hankali take tafiya, kuma tana jin magani."

Hambali ya tambaye ta:

"Likita, 'ya'yana za su gada?"

"Ba a gadonta, Baba, ba a kuma ɗauka."

Sai a lokacin ya sauke ajiyar zuciya, ya yi hamdala.

Kwana bakwai ana saka masa maganin ta jijiya. Daga nan aka hana shi shiga taro, don jikin ba shi da garkuwa. Ba abin da ya fi yi masa ciwo irin ya ji kiran sallar Juma'a yana zaune a ɗaki. Bayan wata huɗu saifar ta sace. Likita ba ta ɓoye masa ba, cutar tana iya dawowa bayan shekaru, don haka duk wata uku yana zuwa awon jini.

Bara da maƙwabcinsa Mudassiru ya yi wata biyu yana fama da zazzaɓi, Hambali bai tsaya ba shi baki ba. Babur ya tayar, ya ce, "Hau mu je a duba jininka."