Ranar da Shekari Ya Sauke Jif Ɗinsa

Duk wanda ya zauna a Samaru daga 2001 zuwa 2008 ya san jif ɗin Shekari, ko da bai san Shekari ba. Koriya ce, tsohuwa, ga tsawo kamar rumbu, kowace taya ta kusa ƙugun mutum. Mai ita kuwa ɗan siririn dattijo ne mai furfura, yana can sama a bayan sitiyari yana ɗaga wa jama'a hannu, har da waɗanda ba su gaishe shi ba.

Mutumin kudancin Kaduna ne, amma Zariya ta riƙe shi. Shekara talatin yana tuƙi a jami'a bai taɓa goge wa kowa fenti ba, kuma ba ya bari a manta da haka. Da ya yi ritaya ya sayi jif ɗin a gwanjo, saboda yana da gonar masara a bayan Bomo, a ƙetaren wani rafi. Daminar farko motar ta zauna da cikinta a taɓon rafin, sai da aka kawo shanun noma suka jawo ta, mutanen ƙauye suna dariya. Direban shekara talatin, shanu su ja shi! Abin ya tsaya masa a rai ƙwarai.

Ran Litinin sai ga shi a Sabon Gari, garejin Amaechi, bakaniken da aka haifa a unguwar, wanda Hausa ta zauna a bakinsa daram. Shekari ya ce a ɗaga motar, a sa mata tayoyin ƙaramar babbar mota.

Amaechi ya ce, "Oga Shekari, zan yi maka. Amma giyar da ke cikinta don ƙananan tayoyi aka yi ta. In ka sa manya, ƙarfinta zai tafi. Bari in canza haƙoran giyar baya su dace."

"Waɗanda suka ƙera ta sun fi ka sanin giya. Kar ka taɓa min."

Sai ka ce ba su ne suka zaɓa mata tayoyin ba. Amma haka Shekari yake, in ya kafe ya kafe. Amaechi ya ƙara sifirin, ƙarafan da ke ɗaga jikin mota, ya ɗaura tayoyi, ya wanke hannunsa.

Gaskiya motar ta daina tsoron rafi. Sai dai ta koyi wasu halaye. Kafin ta tashi daga tsaye sai an lallashe ta, ta riƙa shan mai ba ji ba gani, malejinta kuma ya koma maƙaryaci, yana nuna sittin alhali ana tamanin. Kuloci kam Amaechi ya gaji da canza shi. Duk wanda ya yi magana, Shekari zai buga taya da tafin hannu ya ce, "Ka taɓa ganin shanu sun sake ja na?"

Wadda ta ɗauki nauyin wannan girman kai ita ce matarsa, Martina. Gajeruwa ce, mai jiki, mai jan waƙa a zumuntar mata ta coci. Ranar da aka kawo motar gida ta ɗaga ƙafa, ƙafa ba ta kai ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta shiga madafa ta ɗauko kujerarta 'yar tsugunno, ta taka ta hau. Tun daga ranar kujerar ta zama kayan mota. Shekari zai sauko ya ajiye mata, ta hau, ya mayar da kujerar baya. A bakin coci yara har jira suke su ga wannan hidima, shi kuwa yi yake da alfahari.

Kowace Asabar tare suke zuwa gona, kuma nan ne wahalar take. Bayan rafin akwai hawa mai tsayi. Motar na ratsa taɓo lafiya lau, amma a gindin hawan, da taki a bayanta, sai numfashinta ya ƙare. Dole a rage mata nauyi. Martina za ta sauka, ta riƙo kujerarta, ta hau da ƙafa. Shi kuma ya ja da baya, ya taka totur, ya haye shi kaɗai, ya jira ta a sama. Shekara bakwai ana haka. Takan iso tana haki tana tsokanarsa, "Baban Janet, kai ka sayi mota, ni na sayi tafiya." Su yi dariya su wuce. Yana ƙaunar matar nan, kowa ya sani. Abin haushin shi ne bai taɓa lissafa hawan nan a cikin shekarunta ba.

Wata Asabar a watan Yuli ya haye kamar kullum, ya kashe inji, ya jira. Shiru. Ya duba madubi, sai ya hango ta a tsakiyar hawa, zaune a kan kujerar, ta riƙe gwiwa da hannu biyu, ta juya masa baya don kada ya ga fuskarta. Ya daɗe yana kallo. Da ta iso ta ce ƙaya ce ta tsaya cirewa. Ya dubi ƙafarta, ya ga takalminta na roba ne rufaffe.

Asabar ta gaba ta ce tana da wanki. Ta gaba kuma wai taron mata. Ran Lahadi ta ce ya yi gaba, za ta bi maƙwabta a ƙaramar motarsu. Ya tuƙa zuwa coci shi kaɗai, kujerar na ƙwanƙwasa a baya duk ramin da ya faɗa. A ranar bai ɗaga wa kowa hannu ba. Tsoro ne ya kama shi, tsoron cewa wurin zaman nan na gefensa zai zauna haka babu kowa, kuma shi ya jawo.

Da sassafe ran Litinin ya isa garejin Amaechi. Bakaniken ya saurare shi, ya ce, "To yanzu ka yarda in canza giyar? Za ta hau da Madam a ciki, ba sai ta sauka ba."

"Giya za ta rage mata tsawo?"

"A'a."

"To sauke ta. Cire sifirin ɗin, ka mayar da tayoyinta na asali."

Amaechi ya ajiye sifanar da ke hannunsa. "Oga, cikin damina muke. In na sauke ta, rafin nan ba za ta ƙetare shi ba sai Oktoba."

"Na sani."

Da yamma ya shigo Samaru a mota gajeruwa. Ɗalibai ba su ko waiwaya ba. Ita kuwa motar sai tashi take da sauƙi, tana amsa totur kamar an cire mata shekara goma, abin da ya ƙara masa kunya.

Ya tsaya a ƙofar gida ya danna ham. Martina ta fito tana ɗingishi, ta zagaya motar sau ɗaya, ta ga manyan tayoyin huɗu jibge a baya. Ya buɗe mata ƙofa. Ta miƙa hannu baya don ɗauko kujera, ya riƙe hannun. Ta ɗaga ƙafa kaɗan, sai ga ta zaune.

Ta shafa gwiwarta. Sannan ta ce, "Baban Janet, gonar fa?"

"Za mu je tare har bakin rafi. Ki zauna a inuwa ki jira ni."

"Kai kuma hawan?"

Ya tayar da inji, idonsa a kan hanya.

"Shekara bakwai kina hawansa, Maman Janet. Saura ni."