Dam ɗin Baba Tobiya

Baba Tobiya maƙwabcina ne a Mayo Gwoi, mai gyaran keke, kuma ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba. Ya taɓa kiwon zomaye, suka gudu. Ya haƙa rijiya, ya bar ta iya gwiwa. Matarsa Dokas, mai sayar da kunu, ta sha faɗa a gaban matan zumunta na cocinsu cewa mijin nan bai taɓa gama abu ba sai tuwo. Maganar tana cinsa ƙwarai, ko da yake dariya yake yi.

Wata shekara ya raka gawa Takum, aka nuna masa dam ɗin Kashimbila mai ba da wutar lantarki daga nesa. Shi ke nan! Ya dawo da rantsuwar shi ma zai yi nasa.

Da rani ya tare ɗan ruwan da ya rage a rafi da buhunan yashi, ya ja wa ruwan hanya zuwa alayyafonsa. Inda ruwan ke zuba ya kafa ƙafar keke, ya ɗaura mata ludayin kunun Dokas guda goma sha biyu, ya haɗa da ɗan injin fitilar keke da ƙwan fitila ɗaya. Wallahi ƙwan ya kama! Da idona na gani, ja-ja kamar garwashi.

"Maman Vivian," ya ce wa Dokas, "kira matan zumunta ran Alhamis ƙarfe huɗu. Za su gani ko ina gama abu."

To, da safe kawai yake zuwa rafin. Bai san ƙarfe uku Njidda makiyayi ke kawo shanunsa sha ba. Njidda kuwa kullum godiya yake wa bawan Allahn da ya tara masa ruwa waje guda.

Ran Alhamis mata suka zo cikin ankonsu, har da kaɗe-kaɗe. Suka tarar da shanu arba'in sun ƙoshi, dam ya koma taɓo, ƙafar keke ta tsaya cak.

"Sannu Baba, Allah ya saka," in ji Njidda.

Wata ta ce, "Kai, shanu sun ɗauke wuta!" Dariya ta ɓarke. Ni ma na yi, amma da na ga tsohon ya cire hula yana murza ta, tausayi ya kama ni.

Sai Dokas ta ce bari ta kwance ludayinta. Ta tattare zani, ta gangara bayan buhunan inda ba a ganinta. Can sai ƙwan ya yi ja, ya ƙara haske. Mata suka kaure da guɗa, Baba Tobiya ya mai da hula ya fara jawabi. Jawabin ya kai rabin awa, ita tana can durƙushe cikin taɓo tana juya ƙafar keke da hannu.

Kwana uku ba a ga kunu a unguwa ba, kafaɗar Dokas ta riƙe. Na je gaishe ta, na ce, "Mama, me ya juya abin nan?"

Ta harare ni. "Ruwa mana. Mijina ya gama aikinsa."