Ranar da Garin Bature Ya Ƙare

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da fara koyarwa ba, gidan abincinmu na bakin tashar Tambuwal ya kusa rufewa saboda wani tsohon gwangwanin madara da ya wayi gari babu komai a ciki.

Direbobin da ke bin hanyar Sakkwato suna kiran rumfarmu ta 'yan Italiya. A danginmu kuwa babu wanda ya taɓa taka Italiya, ni kaina iyakata Kaduna. Sunan daga kakana ya samo asali, mahaifin mahaifiyata, wanda ya yi aikin kuku da wasu Italiyawa masu aikin hanya tun yana saurayi. Da aikin ya ƙare ya dawo gida da injin murza taliya na hannu, da wata irin dahuwa da garin bai saba gani ba. Taliyarmu da ƙwai ake kwaɓa ta, ba a karya ta, ba a bari ta yi lugub. A cikin miyar tumatir da ɗaɗɗoya ake juya ta, sannan a barbaɗa mata wani gari mai ruwan ƙasa kafin a kai wa mai ci. Wannan garin shi muke kira garin Bature, kuma a gwangwanin nan yake zama.

Kakana ya rasu tun ba a haife ni ba, kakata ta riƙe rumfar. Mahaifiyata ta koyi komai a hannunta, daga kwaɓi har sanin lokacin da ake sauke tukunya, ban da garin. Shi kakata kaɗai ke cika gwangwaninsa, a ɗakinta, ƙofa a rufe. Ni kuma Allah Ya yi ni da tambaya, tun ina firamare ake ce mini ɗan jarida. Na sha tsare ta a kan garin nan, amsarta ba ta canjawa: "Mijin da bai kawo cefane ba, mi yak kai shi ga tukunya?" Mahaifiyata ta ɗauka daga wani kanti a Sakkwato kakata ke sayo shi, tunda takan je can lokaci-lokaci. Ba ta matsa ba, a ganinta akwai lokaci.

Ashe babu. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama kakata, bakinta ya riƙe, ba ta sake magana ba har Allah Ya karɓi abinsa. Mahaifiyata ta yi ta tattalin abin da ya rage a gwangwanin, tana barbaɗawa kamar kwalli, har ya ƙare.

Wanda ya fara ganewa wani tsohon direban bas ne da ya fara cin taliyarmu tun zamanin kakana. Ya ci loma biyu, ya ajiye cokali, ya ce, "Hajiya, ta yi daɗi, amma wagga ba ta tsohuwa ba ta." Ya biya ya tafi. Bayan nan muka riƙa ganin motarsa tana tsayawa gaban mai shinkafa da wake, sauran direbobi kuma suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Wata rana da yamma mahaifiyata ta dubi taliyar da ta yi kwantai ta ce mini, "In anka yi Babbar Salla ba su dawo ba, rufewa zan yi. Ba ni zama ina saida sunan Baba babu ɗanɗanonshi." Raina ya ɓaci ƙwarai, don ban taɓa tunanin tashar nan babu rumfarmu ba.

Nan ɗan jarida ya kama aiki. Na shiga waya na bincika, na gano Italiyawa wani busasshen cuku mai tauri suke gogawa a kan taliyarsu. Na ce shi ke nan, an zo wurin. Na tafi Sakkwato na zaga manyan kantuna har na samo shi, na dawo ina tafiya kamar wanda ya ci zaɓe. Mahaifiyata ta shinshina, ta ɗanɗana. Ta ce ya ɗan ɗauko hanya, amma na Inna, wato kakata, ya fi shi duhu, ya fi shi zama a baki. Muka gwada shi da gyaɗa, muka gwada da citta, muka ƙara magi. Duk wanda aka bai wa sai ya ce ba laifi, kuma kowa ya san abin da ba laifi ke nufi a bakin mai cin abinci.

Cikin wannan halin wani ɗan kabu-kabu ya kawo saƙo daga Kebbe. Kakata tana da ƙanwa a can, muna ce mata Inna ta Kebbe, kuma tun da na yi wayo take aiko da ƙullin daddawa. Ko bayan rasuwar ba ta daina ba. Mahaifiyata ta kwance ƙullin tana mita, ta ce daddawar Inna ta Kebbe sai ka ce dutse, sai ta kwana a ruwa kafin ta shiga miyar kuka. Ni abin da ya faɗo mini daban ne: tsohuwar nan ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka san kakana yana saurayi. Wataƙila ta san kantin, ko sunan abin da Turanci.

Na hau mashin ɗina da gwangwanin a aljihun riga. Damina ce, hanyar Kebbe kuwa ta san aikinta, na isa taɓo har gwiwa. Inna ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Maigida, haka aka zuwa wurin amarya?" Bayan mun gaisa na sha fura, na fito da gwangwanin na miƙa mata, na zayyana mata komai, har da cukun da na sayo. Ta buɗe ta kai hanci. Sai ta kama dariya, ta yi ta yi har tari ya sarƙe ta.

"Saƙon da nika aiko muku, mi kuka yi da shi?"

Na ce miyar kuka muke yi.

Ta riƙe haɓa. "Miyar kuka. To, tashi mu je."

Ta kai ni madafinta. Sama da murhu, a jikin wata igiya, ga wasu baƙaƙen faya-fayai siri-siri an jera, hayaƙi ya gama da su. Ta ciro ɗaya ta ɗora a kan garwashi ya ɗan gasu, ta jefa a turmi da 'yar soyayyar gyaɗa da gishiri, ta ce in daka. Ban kai ga gamawa ba ƙamshin ya taso, sai ga ni ina ɗan shekara bakwai a bakin rumfa ina jiran kakata ta kankaro mini ƙasan tukunya. Na tsaya da taɓarya a hannu, idona ya cika.

Inna ta ba ni labarin a nan bakin murhu. Ta ce babban kukun Italiyawan nan ɗan gadon abinci ne, ubansa da kakansa duk gidan abinci gare su a garinsu. Wata damina ruwa ya yanke hanya, cukunsa ya ƙare, ya hana kowa sakat. Ran kasuwa suna zagayawa da kakana sai ya ja ya tsaya gaban wata mai daddawa yana shinshine-shinshine. Mai daddawar ita ce uwarsu Inna. Shi da kakana suka yi ta gwaji, ita kuma tana canja musu hannu: a bar ta ta ƙara kwana a rufe, a fyaɗa ta siriri, a shanya a inuwa, a rataye a hayaƙi har ta yi tauri. A wurin karɓar daddawar nan ne ma kakana ya ga kakata.

Na ce to me ya sa aka ɓoye, har ga mahaifiyata?

"Kakanka yac ce wa zai biya kuɗin abincin Turawa in yaj ji daddawa ce? Yayata kuma ta riƙe mishi amana har ta wuce gona da iri. Ni ko da nig ga ba wanda yat tambaye ni, na ɗauka kun sani." Ta ƙara da cewa Baturen kukun nan da zai koma ƙasarsu, gwangwani guda ya cika ya tafi da shi.

Da na dawo na miƙa wa mahaifiyata gwangwanin cike da garin da na daka. Ta buɗe, ta lakata a harshe, ta zauna a kan benci. Sannan ta ce, "Duk wannan lokaci a miyar kuka nika zuba gadon ubana." Ta yi dariya tana share hawaye da gefen mayafi.

Ni na je har gaban mai shinkafa da wake na roƙi tsohon direban ya zo ya ɗanɗana, ko loma ɗaya. Ya zo don kunya. Ya ci, ya ci, bai ɗago ba sai da ya share kwanon. Ya ce, "Allah Ya jiƙan tsohuwa. A ƙaro." Babbar Salla ta zo ta wuce rumfa a buɗe.

Yanzu ƙanwata ce ke riƙe da ita, kuma sai da ta je Kebbe ta zauna wurin Inna ta koyi daddawar da hannunta kafin tsohuwar ta rasu. Ba ma ɓoyewa, wanda ya tambaya muna gaya masa, kuma ban ga wanda ya ajiye cokali ba. Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, in tsoho ya ƙi amsa maka tambaya, ka nemi ɗan'uwansa tun yana da rai, kuma ka riƙa duba ƙullin da ake aiko maka kafin ka hau motar Sakkwato.

Sai dai tambaya ba ta bar ni ba. Har yau in na ga ana barbaɗa garin nan, nakan tuna gwangwanin da Baturen ya tafi da shi. Shi ma dole wata rana ya ƙare. Ina mamakin ko akwai wani jika a can, mai tambaya irina, da ke zaga kantunan garinsu yana neman ɗanɗanon taliyar kakansa, bai san abin yana rataye a hayaƙi a Kebbe ba.