Shekarar da Kaka Ta Zaunar da Ni

Ranar wata Lahadi ce cikin damina, shekarar da nake aji biyar a firamare, ana tsakiyar maimai. Inna ta yi mini allurar insulin da safe, na kurɓi rabin kofin koko don ba na sonsa, aka ɗora mini kwanon furar Baba in kai masa gona. Gonarmu tana bayan Magama, dab da iyaka, in ka tsaya a kunyar ƙarshe kana hango rumfar 'yan duwan, wato kwastan na Nijar. Ban kai shingen kwastan ba jikina ya fara ɓari. Zufa mai sanyi ta jiƙa mini hijabi, manyan motocin da suka yi layi suka riƙa zama bibbiyu a idona. Na san abinci jikina ke nema, ga kuma fura da nono a kaina. Amma a gidanmu ba a buɗe kwanon maigida. Haka na yi ta jan ƙafa har na zube gindin tayar wata mota, rungume da kwanon, ko ɗigo bai zuba ba.

Wata ma'aikaciyar lafiya ta bakin iyaka, 'yar kudancin Kaduna da kowa ke ce wa Madam, ita ta tsince ni. Waɗanda suka san ni suka taru suna ce mata ciwon sukari gare ni, kada ta ba ni zaƙi. Ba ta ko kalle su ba. Da ta ga ina iya haɗiya, ta karɓi sukari wurin mai shayi, ta dama da ruwa, ta riƙa ba ni kaɗan-kaɗan har idona ya washe. Sannan ta buɗe kwanon Baba da hannunta ta sa ni na sha. Baba bai yi faɗa kan furar ba. Kaka ce, mahaifiyarsa, ta yanke hukunci da yammar nan: "Ɗiyar ga ba ta da jinin wahala. A zaunar da ita."

Aka kuwa zaunar da ni. Aka hana ni rijiya, aka karɓe taɓarya daga hannuna, kai abinci gona ya koma kan 'yar baffana. Da yamma 'yan mata na gaɗa a ƙofar gida, ni ina kan tabarma kusa da ƙafar Kaka ina tsintar wake ko tsinke zogale, ina jin tafinsu ta bayan danga. A makaranta ma saƙo ya je. In an fita tara, sauran na tsallen igiya da 'yar gala-gala, ni malam ya ajiye ni gindin darbejiya ina gadin takalman mutane. Zaman kuma bai warkar da komai ba. Sukarin ya riƙa hawa, ƙishirwa ba ta sakina, ƙafafuna suka yi nauyi kamar na tsohuwa. Kwalbar insulin tana cikin ɗan tulu da aka binne a jiƙaƙƙen yashi bayan randa, ni ma haka aka adana ni, a inuwa, kada in lalace. Da na shiga aji shida Kaka ta ƙara da cewa zancen sakandare babu shi, tunda makarantar tana can cikin Jibiya, tafiyar kusan awa guda a ƙasa, kuma ba kullum Baba ke gida da babur ba.

Haushin Inna na fi ji. Ni ce 'yar farinta, don haka ba ta faɗin sunana, ba ta kallona a gaban mutane, balle ta tsaya mini gaban uwar mijinta. In za ta yi zancena sai ta ce "waccan". Na ɗauka ta sallama ni. Sai ranar da muka je asibiti Katsina karɓar magani na ji tana tambayar nas, kanta a ƙasa, wai idan wata yarinya mai irin wannan ciwo za ta yi doguwar tafiya, ya ake yi. Nas ta dube ni, ta dube ta, ta yi kamar ba ta gane ba. Ta ce a gwada jini kafin fita, in ya yi ƙasa a ci abinci tukuna, in ya hau sosai a fasa tafiyar. A ci abin da ke riƙe ciki, a ƙulle dabino ko sukari a jiki. Ranar tafiya a yi allurar a ciki, kada a yi a cinya, don ƙafar da ke aiki tana saurin jan maganin. Sukari kuma yakan faɗi ko bayan an dawo an huta, sai a sake dubawa. Rage allura ko ƙarawa, wannan sai likita ya faɗa.

Daga nan Inna, wadda ba ta cika fita ba, ta zama sarauniyar zumunci. Ba a yin haihuwa ko rasuwa ko jinya ba ta nemi izinin Baba ta je barka ko gaisuwa ko dubiya ba, kuma kullum sai an ba ta "waccan" ta riƙe mata kwano. Kaka ba ta hana zumunci. Muka fara da gidan da ke bayan namu, sannan unguwar gaba, sannan bakin shingen kwastan. Kafin mu fita sai ta tura mini ɗumamen tuwo ba tare da ta kalle ni ba. Tsinken gwajin jini ba kullum muke da shi ba, don haka a hanya takan kama wuyan hannuna kamar tana gyara mini kaya, alhali ɓari da zufa take nema. Wata rana dabino biyu suka isa, wata rana sai huɗu, wata rana muka zauna gindin bedi muka juyo ba mu kai ba. Na gaji da gaishe da mutanen da ban sani ba, na yi ta tsaki. Wata biyar muna haka, har ranar da muka taka zuwa cikin Jibiya dubiyar wata mata da ko Inna ba ta san sunanta sosai ba, muka dawo da ƙafafunmu.

Washegari Kaka na zaune da Baba a tsakar gida, Inna ta durƙusa ta ce: "Murja za ta makaranta. Na auna hanyar da ƙafata, ta iya."

Ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai ranar. Kaka ta dube ta ta ce, "Yau ɗiyar fari aka kira da suna gabana? To ku tai, ke da likitarki, in ta faɗi ke za ki goyo." Na yi shekara shida ina taka hanyar nan. Sau biyu na zauna bakin titi na ci dabino, ban faɗi ba.

Yanzu ina da na'urar gwaji a jaka, ina zuwa inda na ga dama, ba mai zaunar da ni. Gonar bayan Magama mun daina nomanta saboda rashin tsaro, Kaka ta rasu, ƙafar Inna ta fara ciwo. Amma har yau ba na tashi in tafi haka kawai. Sai na tsaya na tuna me na ci, yaushe na yi allura, nisan wurin nawa. Nakan ga yara sun zura a guje ba dalili, in tuna akwai shekarun da ni ma haka nake, kafin ciwon ya zo. Tafiyar na samu, hutun tunaninta ne ban samu ba.