Inna Saude, Wadda Ta Hana Ni Ɗiga Magani a Ido

Ranar Laraba, 12 ga Fabrairu 2025, ina bakin keken ɗinki a shagona na Gayam, labari ya iso cewa Allah Ya yi wa Inna Saude rasuwa a rugarsu, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Kafin in samu babur har an kai ta makwancinta.

Inna, ni ne Obed tela. Shekara da shekaru kina ajiye ƙwaryar nononki a inuwar shagona, kowa kuma ya san ki da sanin itatuwa da saiwoyi. Amma abin da ban taɓa godewa yadda ya kamata ba shi ne maganin da kika hana ni.

A daminar 2022 aka cire mini yanar ido a Kaduna. Na dawo ina gani tangaran, sai dai idon ya bushe kamar an watsa masa yashi, ga wasu baƙaƙen ɗigo suna yawo a gabana kamar ƙudaje. Maganin asibiti ya ƙare, hanya kuwa ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga. Na sayo wani ruwan saiwa a kasuwa, na roƙe ki ki ɗiga mini. Kika shinshina kwalbar, kika tuttular a ƙasa.

"Tela, idon da likita ya yanka ba a zuba masa itace. Ko nawa ma ba zan zuba ba."

Na yi fushi, na ce ashe sunan banza gare ki. Kika koya wa matata Martha ta riƙa ɗora mini tsumma mai ɗumi a kan rufaffen ido, kika ce in yawaita zogale da manja, in rage ɗinki. Bushewar ta yi sauƙi, ƙudajen suna nan.

Wata safiya na ce miki ina ganin walƙiya, kuma wani duhu na saukowa daga gefen idon kamar labule. Fuskarki ta sauya.

"Wannan ya fi ƙarfina. Tashi, yau za ka Kaduna."

Martha ta fashe da kuka, domin a makon aka tare motoci biyu. Kika damƙa mata ƙwaryarki, kika shiga motar tare da ni, cikin ayarin da sojoji ke rakawa. Fasinjoji suna ta kallonki, Bafillatana a irin wannan lokaci da ake zargin Fulani da tare hanya. Wani ya matsa nesa da ke. Ba ki ko ɗaga kai ba.

A tsakiyar daji ayarin ya tsaya cak. Direba ya kashe mota. Ni daga nesa ba na ganin komai sai inuwa, sai kika riƙe hannuna kina raɗa mini abin da ke gaba: an gitta icce a hanya, sojoji sun sauko, sun shiga ciyawa. Kusan awa guda muka yi a haka, har aka janye iccen.

Likita ya ce bangon cikin idon ne ya fara ɓamɓarewa, da na ƙara kwana biyu da shi ke nan. Washegari aka yi aikin.

Bara ke ma yanar ido ta rufe naki idon. Na yi alkawarin raka ki asibiti a cire miki, na ce bayan girbi, na ce bayan Kirsimeti. Kin tafi ba ki ƙara ganin fuskar jikokinki ba, ni kuwa ina zura zare a allura. Ki yafe mini, Inna.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya sāka miki da Aljanna. Ga Bappa Bakoji mijinki, da 'yarki Ummi, da duk mutanen ruga, ni da Martha muna miƙa ta'aziyya. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, amin.