Zuhura da Randar Baba Hamma

Zuhura ɗiyar Manu mai fito ce. Na koyar da ita lissafi a aji huɗu a nan Bagudo, shekara uku kafin in ajiye alli. Abin da na riƙe game da ita shi ne ba ta goge kuskure. Takan ja masa layi ɗaya ta rubuta daidai a gefe, yadda malamanmu na mishan suka hore mu, alhali ni ban taɓa koya mata hakan ba. Wataƙila daga ubanta ta ɗauko. Manu ba ya tura kwalekwale sai ya tsuguna a bakin kogi ya kalli tafiyar ruwa tukuna.

Ta yi karatun kwamfuta a Birnin Kebbi, ta dawo gida, Alhaji Ɗanmusa mai fataucin albasa ya ɗauke ta aiki. Alhaji yana da ofis a Bagudo da sito a wani gari dab da iyakar Benin. A kowane wuri akwai babbar kwamfuta mai ajiyar takardun kamfani, wadda suke kira saba. Idan aka yi lodi a sito, sai a haɗa hotunan takardun kaya da bidiyon lodin cikin fayil ɗaya mai nauyi, sabar sito ta tura wa ta Bagudo. Sai Alhaji ya gani da idonsa sannan mota ta tashi. A zamaninmu wasiƙa kan yi kwana tara kafin ta kai Sakkwato, ba mai cewa ta makara. Wannan fayil minti ashirin da biyar yake yi.

Bara sai ya fara yin awa biyar. Ba kullum ba, amma duk ranar da ya yi, motoci na tsaye a rana, albasa kuwa ba ta san haƙuri ba. Zuhura ta canja wayoyin da ke bayan sabar. Ta duba ko ma'ajiyarta ta cika, ba ta cika ba. Ta sa aka hau aka gyara zaman eriya. Ranar da aka zubar da buhu goma sha ɗaya, Alhaji ya kira ta.

"Zuhura, ubanki mutumina ne, amma albasa ba ta san zumunci ba. Mako biyu na ba ki. In abin ga bai gyaru ba, zan ɗauko wani daga birni."

Ta zo gaishe ni da wani littafi a hannu. Tun da matsalar ta fara take rubuta rana, da lokacin da fayil ya tashi, da lokacin da ya isa. Muka bi shafukan da yatsa. Duk ranakun jinkiri ranakun kasuwar garin iyaka ne, daga hantsi zuwa la'asar.

"Malam, injin bai san ranar kasuwa ba," in ji ta. "Mutane sunka san ta."

Da kasuwa ta zagayo, Zuhura ta hau motar farko zuwa garin iyaka. A ƙofar sito akwai rumfa, ƙarƙashinta randar Baba Hamma mai gadi. Shekara ashirin da shida dattijon nan yana cika ta kowace safiya domin masu wucewa. Ta tarar da rumfar cike: direbobi daga Benin, 'yan dako, mata masu nono, kowa ya sunkuya kan wayarsa, wani na kallon kokawa, wani na hira da iyalinsa ta bidiyo. A jikin bango, daidai saman randa, an rubuta lambar sirrin intanet ɗin kamfani da gawayi, manyan baƙaƙe. Ta buɗe kwamfutarta ta ƙirga wayoyi arba'in da uku a kan layin da fayil ke bi.

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta sha ruwa, sannan ta nuna bangon.

"Baba, wa ya rubuta wannan?"

"Ni nis sa anka rubuta, ɗiyata. Baƙi na shigowa, layinsu na can ba ya kamawa nan. Mutum na son gaya ma matarshi ya iso lahiya, ina zaune kan abin, in hana shi? An ce mini ba ya ƙarewa."

"Ba ya ƙarewa, Baba, amma moɗa ɗaya ce. In mutum arba'in na layi, yaushe mai gida zai sha?"

Dattijon ya kalli motocin da ke tsaye. "Ashe ni nir ruɓar da albasar Alhaji." Ya miƙe zai goge bangon da hularsa.

"Bar hularka, Baba, Goggo matarka ba ta yafe mini in ta yi baƙi."

Ta shiga ciki. Ta canja lambar layin kamfani, ta buɗe wani layi dabam na baƙi, ta tsaga masa ɗan kaso, wanda zai isa a kira gida amma ba zai isa kallon kokawa ba. Masu kokawa suka yi gunaguni. Ta sake tura fayil ɗin da ya maƙale tun hantsi, ta ajiye agogo a gabanta. Minti ashirin da biyu. Kafin azahar Alhaji ya bugo ya ce motoci su tashi.

Ya tambaye ta me ya lalace. Ba ta ɓoye masa ba. Ta ce ruwan gida da na baƙi ne suke randa ɗaya, yanzu ta raba. Alhaji ya yi dariya har da tari, ya ce shi ma ya sha daga randar Hamma tun yana yaron mota, kuma maganar mutumin birni a bar ta.

Na je garin da kaina watan jiya. Rubutun yana nan saman randa. Zuhura ba ta goge tsohuwar lambar ba. Layi ɗaya ta ja mata, ta rubuta sabuwar, ta layin baƙi, a gefe.